Ranar da Baba Ya Kafe a Kan Gadar Kanal

Ƙafafun Baba ba ciwo suke yi ba, tsayawa suke yi. Yana cikin tafiya sai ka ga ya kafe wuri ɗaya, gangar jiki ta karkata gaba, tafin ƙafa ya manne da ƙasa, gwiwoyi na karkarwa. Abin ya fi kama shi a ƙofar zaure, ko in zai juya, ko in wani ya yi masa magana ba zato. Wani lokaci ya sake shi nan take, wani lokaci har mutum ya gama alwala bai motsa ba. Hannunsa na dama kuwa ya shekara uku yana rawa, wannan mun riga mun saba.

Cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina da mata da 'ya ɗaya, muna noman rani a filayen ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Ni ne ɗan fari, ni na kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce ciwo ne daga ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa, sai dai ƙwayoyi su rage shi. Baba ya saurara da ladabi, da muka fito ya ce yaron nan bai san abin da yake faɗa ba. Ran kasuwar Bunkure ya sami wanda ya gaya masa abin da yake son ji. Wani mai magani ya shafa ƙafar, ya ce ai wannan a fili take, Baba ya tsallaka abin da aka binne masa a hanya. Za a gano wurin a tone, in ji shi, amma kafin nan kada ya kuskura ya sake tsallaka komai, ko kara ko igiya, in ba haka ba ƙafafun su mutu gaba ɗaya.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan shara. Inna, mahaifiyata, ba ta barin ko tsinke a tsakar gida. In ka yar da takalmi a hanyarsa ka shiga uku. Har dokin ƙofar ɗakinsa sai da ta sa na fasa da diga, aka daɓe wurin sumul. Ƙasa ta yi fes, shi kuwa kafewar sai ƙaruwa take yi. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, abin yana cina. Na tuna kafin dokar mai magani, in Baba ya shiga gona yana tsallaka kunyoyin tumatir ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya ban ga ya kafe ba. Na faɗa wa Inna haka wata rana, ta dube ni sama da ƙasa.

"So kake ka kashe masa ƙafa ka huta?" ta ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gonarmu tana ƙetaren babban kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan noman rani. Gadar da muke bi falan siminti ne guda, ba abin dafawa, faɗinsa bai isa mutum biyu su jera ba. Kanal ɗin gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta sa ya yi santsi, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa. Gaba kaɗan ruwan yakan kutsa cikin kwalbati ƙarƙashin titi. Na sha gaya wa Baba kada ya hau gadar nan sai ina kusa. Yakan ce to, irin to ɗin da uba ke ce wa ɗa don ya rufe masa baki.

Ranar da abin ya faru ranar ruwanmu ce, an buɗe tun safe, kanal ya cika har baki. Da hantsi ina duƙe a bakin ƙaramar hanyar ruwa ina jera robobin da muke janyo ruwa da su zuwa cikin kunyoyi. Na ɗaga kai na hango Baba a tsakiyar gada, kansa a sunkuye. Na ce a raina tsohon nan dai ba ya jin magana, ga shi har ya tsaya kallon ruwa. Na koma kan aikina. Roba uku na ƙara sawa, wallahi uku, yana can a tsaye. Bai kira ni ba, don tunda aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, kunyar ɗan fari. Sai da na sake dubawa na ga hularsa ta zame ta faɗa ruwa, shi kuwa ko juyawa bai yi ba. Nan na gane kafewa ya yi.

Na sheƙa da gudu, robar da nake shirin sawa tana hannuna ban ma sani ba. Da na iso bakin gadar na rage gudu, don na san in na firgita shi an gama. Ya karkata gaba sosai, dugadugansa sun ɗan ɗaga, yatsun ƙafa sun liƙe, gwiwoyi na kaɗawa. Gumi ya jiƙe masa riga. Ba dama in ja hannunsa. Mun gwada haka a gida, in ka ja shi ƙafar ba ta biyowa, sai dai ya zubo gaba ɗaya kamar icen da aka sare. A gida ƙasa ce ke tarbarsa, a nan ruwa ne, kuma Baba bai iya iyo ba.

"Baba, ga ni," na ce a hankali.

"Na gan ka."

"Ɗaga ta dama."

"Da tana ɗaguwa ka same ni a nan?"

Na rarrafa kan falan har na zo gabansa, na durƙusa. Ruwa na wucewa ta ƙarƙashinmu da ƙarfi, in ka kalle shi sai ka ji gadar ce ke tafiya. Na dubi robar da ke hannuna, na tuna kunyoyin tumatir. Na shimfiɗa ta a gicciye, taki ɗaya daga yatsunsa.

"Ɗauke abin nan," ya ce.

"Baba, tsallaka za ka yi."

"Kai, ka haukace ne? Ba ka ji abin da aka ce ba?"

"Na ji. Don Allah ka tsallaka."

"Ɗauke, na ce!"

Garin faɗa ya ƙara rinjaya gaba, hannunsa na hagu ya kai wa iska cafka. Na ga kafaɗarsa ta fara karkata wajen ruwa. Tsoro da haushi suka haɗe mini wuri guda, na manta wanda nake magana da shi. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ko 'yata ba.

"Tsallaka, Baba! Tsallaka na ce!"

Ya zuba wa robar ido. Sai ƙafar dama ta ɗaga, sama sosai, ta sauka a bayan robar. Ta hagu ta biyo. Ya sake kafewa. Na zare robar ta bayan dugadugansa, na ja da baya a kan gwiwoyina, na sake shimfiɗa ta. Ya tsallaka. Haka muka yi ta yi, ni da baya shi da gaba, siminti na goge mini fatar gwiwa ban ji ba. A karo na shida ƙafarsa ta taka ƙasa, na rungume shi muka zube tare a kan ciyawa.

Da numfashina ya dawo sai murna ta kama ni, har da dariya. Bakina ya ƙi rufuwa. Na ce ka gani ko, sau shida ka tsallaka, ga ƙafafunka nan da ransu. Na ce mai maganin nan maƙaryaci ne, babu abin da aka binne, yau ɗin nan zan gaya wa Inna ta ajiye tsintsiya, zan yanko kara in jera masa daga ɗaki har masallaci. Ina ta zuba, ina jin kaina gwani.

Baba bai yi dariya ba. Yana zaune ya miƙe ƙafafu, kai ba hula, yana kallonsu. Ya daɗe haka, hannun dama na rawa a kan cinyarsa.

"Ashe likitan nan gaskiya ya faɗa," ya ce.

"Gaskiya ya faɗa mana, Baba."

"Da binnewa aka yi, da akwai ranar da za a tone in warke."

Dariyar ta maƙale mini. Shekara biyu yana jiran ranar nan, ni kuwa ina ta murna na raba shi da ita. Kunya da tausayi suka rufe ni. Shi ne ya share gumi da bakin rigarsa, ya dubi gadar, ya dubi gari a can ƙetare.

"Kada ka mayar da robar nan gona," ya ce. "Akwai komawa."