Yadda Na Rasa Ƙasa a Hanyar Gashuwa

Nguru

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, za ni Gashuwa sunan jikan yayana. Mu huɗu aka danna a bayan mota kamar bandar kifi a kwali. Kusa da ni wani dattijo ne, Baba Ari, daga tsallaken Machina, ɓangaren Nijar. 'Yarsa aka yi wa tiyatar haihuwa a Gashuwa, tun jiya bai ji labarinta ba. A gaba kuma Madam Rifkatu ce, mai shagon atamfa.

Shinge

Mun wuce Jajimaji kaɗan masu kaki suka tare mu.

"Kowa ya naɗe hannun riga!" in ji ɗayansu.

Wai lambar rigakafi yake nema: ta Najeriya a damtse take, ta Nijar ƙasa da gwiwar hannu. Ni ko ɗaya ba ni da ita, don ranar da masu allura suka zo unguwarmu a rumbu na yini.

"Kai ɗan wace ƙasa ne?"

"Yallaɓai, bisa wannan awon, ba ni da ƙasa."

Ya ƙyale ni, ya koma kan Baba Ari. Tsoho ya miƙa takardarsa, mai kakin ko kallonta bai yi ba. "Sauko, ku kuma ku wuce."

Madam ta leƙo. "Oga, me ya yi?"

"Baƙo ne."

"Baƙo ba mutum ba ne? Doka ta ce duk wanda aka tsare a faɗa masa laifinsa, ba ta ce sai mai tabo a damtse ba."

Ta fito ta zauna a kan boneti. Muka bi ta. Direba ya kashe mota a tsakiyar titi, tireloli suka taru a baya suna ta hon. Sai ga babbansu ya taso daga inuwa, ya karanta takardar, ya ce lafiyarta ƙalau.

"To ku tafi mana!"

"Yallaɓai," in ji direba, "ai ba ta tashi sai da turi."

Da bindigoginsu a kafaɗa suka tura mu.

Gashuwa

A ƙofar asibiti surukin Baba Ari ya tarye shi: uwa da ɗa suna lafiya. Tsoho ya durƙusa nan cikin rairayi yana kuka. Ni kuwa na tarar an gama rabon naman suna, sai masa mai sanyi.

Da magariba na iso gida. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sai kuma Madam Rifkatu, wadda matata za ta sayi atamfar sallah a shagonta ko ta fi tsada.