Gwaggo Rabi da ta raka mutanen ruga gida

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, kuma ban taɓa bukatar shawararta kamar makon nan ba.

Lokacin da 'yan bindiga suka ƙone wata ruga a ƙasar Doguwa, wata Bafulatana mai suna Hajjo ta iso gidan Gwaggo a Tudun Wada da 'ya'ya da jikoki. Man shanu Gwaggo ke saye a hannunta, iyakar sanayyar ke nan. Ta kwashe hatsinta daga ɗaki ta ba su wuri. Damina biyu suka yi tare.

Da abubuwa suka lafa, Hajjo ta fara ɗaure kaya, amma babu walwala. Ashe maƙwabta take tsoro. Manoman ƙauyen da ke kusa da rugar, waɗanda su ma aka kwashe wa shanun noma, suna raɗe-raɗin cewa mutanen ruga ne ke nuna wa ɓarayi hanya.

Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta ce da ita za a tafi. Baba ya hana, ya tuna mata ciwon ƙafarta. Ta ce masa, "Kai ƙanena ne. Wanda ya kwana a ɗakina ba zai koma gida ba ɗan rakiya."

Ta bi su rugar, a bukka ta zauna har aka girbe gero. Kullum takan bi Hajjo tallan nono, ta shiga gida-gida ta gaisa, ta ce waɗannan mutanenta ne, duk mai magana a kansu ya faɗa mata. Da fari daga nesa ake amsa sallamarsu. A hankali aka fara miƙo kwano.

Shekaranjiya Bello, ɗan Hajjo, ya kira ni. An sake sace shanu, tsohuwar maganar ta dawo, matansu sun daina shiga ƙauye. Bai roƙi komai ba, ya dai tambaya ko a gidan Gwaggo da sauran mai iya tafiya.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Da Gwaggo na raye, me za ta ce da mu, da jajenmu ba ya wuce saƙon waya? Za ta je a wannan karon, yanzu da hanyar ta fi tsoro? Ina jin za ta je, abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Mutanen da har yau ke sa ran wani daga gidanmu zai zo ta bar mana. Allah Ya jiƙanta.

Na ce wa Bello ina tafe. Maigidana ne ban san ta inda zan soma gaya masa ba.