Sirdin Keken Attahiru

An ce wai Attahiru na Dingyadi ya ɗaure gado a kan keke, yakan yi barci tun daga Boɗinga, sai keken ya kai shi kasuwar Shagari ya tashe shi. Ƙarya ce, jama'a! Ba gado ba ne, sifirin uku ne kacal daga gadon ƙarfen matarsa Kulu, kuma da izininta ya cire, ko da yake sai da ya cire ya nemi izinin.

Manomin albasa ne. Shekara ashirin yana kai buhu kasuwa a kan keken da ya gada, har ƙugunsa ya soma kuka kamar ƙyauren langa-langa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, sabon keke ya zama sai kallo, sai ya yi wa tsohon gata. Ya sa sifirin ƙarƙashin sirdi, ya cusa audugar rimi, ya lulluɓe da fatar ragon layya wadda majemi ya jeme ta yi laushi kamar kunnen jariri. Ya ɗaga kan keken, ya daina tuƙi a sunkuye kamar mai neman allura.

Wannan abu ya tsaya wa taubashinsa Sodangi a wuya. Sodangin ne fa mai babur a dangi, ga babur jingine a zaure babu kayan gyara, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Yanzu kowa Attahiru yake kallo yana wucewa kan ramuka yana lilo kamar hakimi.

Sodangi ya jawo nasa tsohon keken. Ya tambayi taubashi yadda ake yi? Gara ya mutu. Ya ɗauko ɗanyar fata, ko jima babu, ya ɗaure a sirdi. Kwana uku rana ta busar da ita, ta ƙandare, gefenta ya yi kaifi kamar bakin fartanya. Haka ya hau, karnuka biyu na rakiya saboda warin fatar.

Ya iso Shagari yana tura keke, ƙafafu a ware, ya tarar da Attahiru zaune a kan benci. Duk da haka baki bai mutu ba.

"Kai, ɓarawon gado! Kulu ƙasa taka kwana yanzu ko?"

Attahiru ya dubi tafiyarsa, ya dubi sirdin, ya matsa gefen benci.

"Taubashi, zamna mu gaisa mana. In kana iyawa."