Katin da Ban Tayar Ba

Ƙanena Murtala yana raye. Yana can wani gari a bakin gulbi cikin ƙasar Benin, tafiyar da ba ta kai wuni ba a kan babur daga Bagudo. Shekara shida ke nan bai tako gida ba, kuma ni ne sila. Duk lokacin da na zauna ina neman inda abin ya faro, sai in tsinci kaina a bakin murhun Kaka Hurera.

Kaka ita ta haifi mahaifinmu. A ƙauyenmu da ke bayan Zagga, ɗakinta ne na ƙarshe kafin danga. Idan an yi isha an kwashe tuwo, takan bar guntun itace yana ci, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira mai gidanta, tana cewa ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba. Murtala, wanda na girma da shekara biyu, shi ne angonta, don ko rake ya samu sai ya gutsuro mata, ita da ba haƙora.

A shekarun ne wasu katuna suka shigo mana ta kan iyaka, cikin ledar cingam. Kowanne da hoton dodo ko jarumi, a ƙasa kuma rubutun Faransanci mai faɗin ikon da yake da shi. Manya suka ce karta ce, muka rantse ba karta ba ce, muka ci gaba da ɓoye su a gwangwanin madara. Wani abokinmu Mamman, da ya yi makaranta a can tsallake, shi ya karanta mana dokokin. Abin da bai gane ba ya cike da nasa, babu mai iya musa masa.

Dokokin tayar da ikon kati mun haddace su fiye da karatun allo. Kati yana hannunka gawa ne, sai ka ajiye shi ƙasa. Akwai waɗanda ake ajiyewa a kife, ba a buɗe su sai abokin karawa ya kawo hari, kuma kafin ya ɗauke hannu daga kan katinsa. Sannan dole ka faɗa da baki kowa ya ji: "Na tashe shi." Niyya ba ta aiki, kallon katin ma ba ya aiki. Sau ɗaya yake tashi, daga nan sai a ture shi gefe. Mu kuma muka ƙara tamu dokar, cewa katin da aka ci an ci ke nan, mai nasara ya tafi da shi gida.

Ina da wani mai ƙyalli da muke kira garkuwa, yana tare kowane irin hari. Wata la'asar muna wasa bibbiyu, ni da Murtala a gefe guda, aka kawo wa dokinsa mai fukafuki hari, katin da ya samu da musayar kejin tsuntsunsa. Garkuwata tana kife a gabana. Murtala ya dube ni. Na lissafa cewa akwai babban hari yana tafe, na ƙi tayar da ita, aka ɗauke hannu, aka ci dokin. Babban harin bai zo ba. Wasa ya tashi garkuwata tana kife.

Da muka zauna bakin murhu, Kaka ta ga idonsa.

"Mi yas samu angona?"

Ya faɗa mata yana shessheƙa. Ta juyo gare ni. "Kai mai gida, maganin na gabanka ka ƙyale?"

Na ce lokaci nake jira.

"To, ku matso. Ga wata tatsuniya nan tahe daga gulbi, jiƙe take, wa za ya ba ta wuri?"

Muka ce ta zauna kusa da wuta.

Wani masunci ne, in ji Kaka, ya jawo taru ya tarar da 'yar ruwa a ciki, ya tausaya mata ya sake ta. Ta ba shi ɗan gora a toshe, ta ce duk ranar da ambaliya ta taso ya buɗe ya kira sunanta, ruwa zai koma. Amma sau ɗaya ne, kuma sai ƙafarsa tana bushe. Shekara ta farko ruwa ya ci gonar maƙwabcinsa, aka roƙe shi, ya ce wannan ƙarami ne. Ta biyu ya ci rumbun ɗan'uwansa, ya ce a yi haƙuri, babban yana tafe. Ta uku ya tsaya ƙofar gida da goran a hannu, yana kallon ruwa yana aunawa ko shi ne babban, har ya ji sanyi a 'yan yatsunsa. Ya buɗe, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. 'Yar ruwa ta leƙo ta ce masa ya dubi ƙafafunsa, ta nutse.

Muka zuba mata ido muna jiran sauran. Murtala ya ce, "Kaka, Gizo bai zo ba?"

"Gizo na da wayo, ya daɗe da hawa tudu. Gulbi yac ci garin."

"Mutumin ya mutu?"

"A'a, shi ɗai yat tsira. Ya rayu har yat tsuhwa, da goran ga rataye ga wuya. Iyakatta ke nan, ku tone gyaɗakku."

Washegari na tayar da garkuwata a harin farko, Mamman ya cinye ni daga baya ya tafi da ita. Na ɗauka na koyi darasin ke nan, har na yi alfahari.

Kaka ta rasu, muka girma. Akwai wata fadama ta shinkafa da Murtala ya share da hannunsa, yana nomanta tun kafin ya yi aure. Asalinta rabon ƙanen mahaifinmu ce, Baffa Isa. Ina zaune wata rana mahaifinmu ya tuna masa cewa ya ba shi bijimin sa, Baffa ya bar masa ita, shi kuma mahaifinmu ya ba Murtala, Baffa ya ce haka ne. Babu takarda, ni kaɗai ne shaida.

Da mahaifinmu ya rasu aka taru rabon gado a ƙofar mai gari, Baffa ya miƙe ya ce fadamar aro ce. Mai gari ya tambaya ko akwai mai magana. Al'adarmu sau uku ake tambaya, in liman ya shafa fatiha magana ta mutu. Baffa shi ya ɗauki nauyin karatuna a Birnin Kebbi. Na ce a raina ba zan ƙaryata ƙanen ubana a bainar jama'a ba, zan same shi a gida mu gyara cikin mutunci. Aka tambaya na biyu, aka tambaya na uku. Na ɗaga hannu tare da kowa na shafa.

Na sami Baffa a gida, ya ce, "An shahwa hwatiha, ɗana." Na koma wurin mai gari, ya ce, "Ina bakinka yake sa'adda nit tambaya? In na ji ka yanzu, wace ranar ce kay yi gaskiya?" Kafin damina ta faɗi Baffa ya sayar da fadamar, Murtala ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya ƙetare.

Na daɗe ina cewa kunya ce ta rufe min baki, wani lokaci in ce ladabi. Yanzu na daina yi wa kaina ado. Halina ne tun ina yaro, ina son a san ina da abin taimako fiye da yadda nake son in taimaka. Kaka ta gani tun ina ɗan shekara goma, ta faɗa min ta hanyar da ta iya, ni kuma na ɗauka maganar kati take yi. Abin da ke ci min rai shi ne ba ta ƙara wa tatsuniyar wata ƙofar gyara ba, kuma na nema da kaina ban samu ba.

Bara na ƙetara gulbi a jirgi, na sami Murtala yana gyaran taru. Ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo kifi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya kira 'ya'yansa ya ce su gaishe da baƙo. Da muka rage mu biyu na ce, "Murtala, na ji abin da Baba yac ce ma Baffa ranan nan. Na zo in hwaɗi."

Bai ɗago daga tarun ba.

"Na san ka ji, Yaya. Ni nak kawo muku ruwa." Ya ja zare ya ƙulle. "Wurin taron gado ba mai gari nika kallo ba, ba Baffa ba. Bakinka nika kallo, har sau ukku."

Ya raka ni bakin ruwa, ya tura min jirgin da kansa. Bai ce in gaishe da kowa ba.