Ranar da Baba ya tambaye ni ciwonsa

Shekarun baya, ina karatun ilimin halittu a jami'a a Yamai, aka aiko mini cewa Baba ba lafiya. Na hau mota sai Madawa. Na tarar ya rame, ciki ya kumbura. A asibitin mishan suka ce ciwon daji ne na hanta, kuma ya yi nisa.

Shi kuwa Baba ya riga ya yanke hukunci: ƙanensa ne ya yi masa jifa, saboda rigimar iyakar garka. Shekara biyu ko gaisawa ba sa yi.

Wata rana da hantsi ya ce in kai shi garkar albasarsa. Muka zauna gindin mangwaro, ya ce, "Kai da ka yi karatun boko a lakkwal, gaya mini. In ba hannun mutum ba ne, mi ne ne?"

Na gyara zama kamar farfesa, na yi ta zuba Faransanci. Sai da na yi gumi ya ce, "Da Hausa, ɗan nan."

Na ce, "Baba, jiki tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da umarninta a ajiye a ciki. Akwai wasu sinadarai da aikinsu ke nan, su buɗe wannan umarni su rufe wancan: yanzu ki hayayyafa, yanzu ki tsaya. In suka lalace, sai su bar na hayayyafa a buɗe."

Ya daɗe yana kallon ruwa na shiga fangali.

"Wato mai ban-ruwa ya buɗe ma fangali guda, kwana ya kwashe shi."

"Haka ne, Baba."

"Kuma cikin jikina yake? Ba aiko shi anka yi ba?"

"Naka ne."

Ya sunkuyar da kai. "Ashe alhakin yaron nan na ɗauka. Tai ka kirawo shi."

Yaron nan fa ya ba sittin baya. Baba ƙarami ya zo da sassarfa, ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa. Ba wanda ya ta da maganar iyaka. Hirar irin albasa suka yi har azahar, na koma gefe kamar baƙo.

Baba bai ga cirar albasar ba. Ƙanensa ne ya yi masa wanka.

Yau ni nake koyar da wannan darasi, kuma an gano abubuwa da yawa da ban sani ba a lokacin. Duk ranar da na karanta wani sabo, Baba nake fara son in gaya wa. Har nakan soma jera maganar a raina, sannan in tuna.