Ranar da Aka Rubuta Agola a Allon Ajinmu

Ranar wata Litinin ce, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke yankin Dandamisa, an gama girbin dawa an shiga matsar rake. Na iso makaranta a makare, hannuwana sai danƙo suke, na tarar Malam Iliya, malaminmu na Turanci, ya cika rabin allo. Dogon mutum ne mai yawan tari, kullum a kan keke yake tahowa daga Makarfi, saboda haka kafin ya ɗauki alli ya riga ya gaji. A ranar yana koya mana yadda ake kwatanta abu da abu a Turanci, sai ya rubuta "treated like a stepchild", ya ja layi a ƙarƙashi. Ya ce ma'anarsa a yi wa mutum riƙon agola, a ba kowa a hana shi, ko a jira sai an ƙoshi a miƙa masa saura. Ya ce kalma ta biyu, wato "like", ita ce "kamar", kuma a kanta maganar ta tsaya, domin ba a kan yara kaɗai ake faɗinta ba. Ana faɗa a kan garin da aka ƙi yi wa hanya, ana faɗa a kan ma'aikacin da aka tsallake wajen ƙarin girma. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ajinmu da iska ta yaye tun farkon damina, ya ce ko wannan makarantar ta cancanta. Sai wani yaro mai suna Lawal ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to idan mutum shi ne agolan da kansa, irin Habibu, sai a cire kamar ɗin?" Aji ya ɗauki dariya, kowa ya juyo yana kallona. Malam Iliya ya goge allon da tafin hannu, ya ce mu buɗe littafin karatu.

Ba wai ban san ni agola ba ne. Na san mahaifina ya rasu ina goye, na san Inna ta taho da ni gidan Baba Sale, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa ɗa ɗaya, Musa, sa'ana. Abin da ban sani ba shi ne har a ƙasar Turawa an san da irina, kuma da mu ake misali idan ana son a nuna an cuci wani. A gidanmu babu wanda yake da lokacin irin wannan tunani. Da an idar da sallar asuba ni da Musa za mu kwance doki mu nufi fadama, inda Baba yake da injin matsar rake irin na dā, wanda doki ke juyawa. Ɗayanmu ya bi bayan dokin da tsumagiya, zagaye bayan zagaye har kai ya fara juyawa, ɗayan ya riƙa cusa rake a bakin ƙarfen, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. Baba kuma yana gindin ƙaton kasko, hayaƙi na dukan idonsa, yana motsa ruwan har ya yi kauri a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Daga can muke rugawa makaranta. In an tashi kuma akwai yankan ciyawar doki, da ɗibar ruwa, da shanya tuƙar rake don hura wutar gobe. In rana ta rage mana wani abu, mu yi langa a ƙofar gida ko mu buga ƙwallon tsumma har Inna ta kira mu cin tuwo.

Daga ranar nan ta Litinin na koma mai sa ido. Ina duban malmalar tuwona in dubi ta Musa, ina duban wanda aka fara tasa da safe, da wanda aka aika nesa. Na daɗe ina nema ban ga komai ba. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya, yadin sallarmu daga turmi ɗaya ake yankowa, gajiyarmu ma iri ɗaya ce. Bambanci guda na gano, shi ma ba inda na zata ba. In muka yi laifi tare, kamar ranar da muka bar doki ya shiga gonar maƙwabci, Musa ne ke shan bulala, ni kuwa sai Baba ya dube ni ya ce, "Kai amana ne a hannuna, kada ka ƙara." Musa yana kuka yana hararata, ni kuma ina jin da ma a haɗa mu a doka. Ban san yadda zan faɗi wannan da Hausa ba, balle da Turanci.

Kafin damina ta faɗi, Baffa Garba, wan mahaifina, ya zo daga ƙauyensu na wajen Ikara. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce yaro ya girma, bai kamata jininsu ya ci gaba da zama a gidan wani ba. Baba ya roƙi a bari in gama aji shida. Baffa ya ce ai can ma akwai makaranta. Inna tana bayan ƙyaure tana ji, ba ta fito ba. Ita ta ɗaure mini kayana a ɗankwali, ta sa mazarƙwaila a ciki. Baba ya raka mu har bakin hanya, ya ce mini, "Ka bi baffanka, ubanka ne." Musa bai zo rakiya ba, ya tafi yankan ciyawa shi kaɗai.

Makaranta kam akwai ta, amma 'ya'yan Baffa ne ke zuwa. Ni aka ce in ɗan taimaka a gonar tumatir tukuna, in an kwashe sai a kai ni. Aka kwashe, aka shiga noman damina, aka girbe, aka sake dasa tumatir. Da sassafe nakan ga 'yan'uwana sun wuce da jakunkunansu, ni ina cikin taɓo har gwiwa ina karkata ruwa daga wannan fage zuwa wancan. Lokacin tsinka kuwa ɗaukar kwanduna ne daga fadama zuwa inda mota ke tsayawa, har wuyana ya daina juyawa. Ba zan ce an zage ni ko an hana ni abinci ba. Baffa ba mugu ba ne, mutum ne mai iyali da yawa da gona mai faɗi, ya ga hannu ya samu. Sai dai ba wanda ya taɓa tambayata ko na gaji. Wani lokaci ina tsugune a bakin kwari sai maganar Malam Iliya ta faɗo mini, in maimaita ta a hankali don kada bakina ya manta Turanci. A nan na gane abin da yake nufi da cewa a kan "kamar" maganar ta tsaya. A gidan da nake agola na gaske ba ta taɓa hawa kaina ba, sai a gidan da sunana da nasu ɗaya ne.

A rani na biyu Baba Sale ya zo a kan keke, ya same ni a gona. Ya daɗe yana duban ƙafafuna da suka tsattsage, sannan ya wuce wurin Baffa. Daga baya na ji sun je har gaban mai unguwa, inda aka shaida masa a fili cewa mijin uwa ba shi da ta cewa a kan ɗan wani. Ya ce ya sani, shi roƙo ya zo. Ya tafi, ya sake dawowa, ya kuma dawowa, kowane zuwa da ƙullin mazarƙwaila a bayan keke, har Baffa ya gaji da ganinsa. Bai samu ya mayar da ni gida ba. Abin da ya samu shi ne a bar ni in riƙa zuwa makaranta da safe, in yi gona da yamma. Na koma aji biyar na fi kowa tsawo, ina gyangyaɗi a bencin baya. A haka na gama firamare, a nan kuma karatuna ya tsaya. Musa ya wuce sakandare, kuma in muka haɗu da sallah ba ya son a yi zancen makaranta a gabana.

Yanzu ina da ɗan shagon iri da takin zamani a Kudan, furfura ta fara fito mini. Jefi-jefi nakan ji samari masu waya a hannu suna jefa waccan magana ta Turanci in suna ƙorafin hanyar garinsu ko wutar lantarki, kuma daidai suke faɗinta, yadda Malam ya koyar. Ba na sa musu baki. Baba ya rasu, Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Ranar rabon gadon Baba na zauna a waje da sauran baƙi, domin haka shari'a ta ce, kuma ban ga laifin kowa ba. Doki ya ɓace daga fadamar, inji mai shan mai ne ke matsa rake yanzu, yana gama aikin yini kafin hantsi, yaran gidan kuma suna isa makaranta da hannu a wanke. Duk ƙarshen wata nakan hau babur in je gidan Baba in gaida Musa. Mukan zauna a zaure, gwiwoyinmu duka suna ciwo, 'ya'yansa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna cewa, "Baffa, sannu da zuwa." Abubuwa da yawa sun gajiyar da ni a duniya, amma ban da hanyar gidan nan.