Hannun Daman da Na Ƙi Gani

Shekarun baya, ina koyar da Turanci a wata sakandaren maza a wajen Rogo, aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo ranar Laraba, kuma ajina za su shiga. Darasin da muke kai shi ne na wakilin suna: idan an haɗa sunaye biyu a jimla guda, wane wakili zai tsaya musu, na tilo ko na jam'i. Sati uku ina fama da yaran nan har muryata ta dushe.

Akwai wani ɗalibina da ke zuwa daga Beli a keke. Ya girmi 'yan ajin, kuma duk lokacin cirar gyaɗa sai ya ɓace sati biyu, don haka aka yi masa tambarin daƙiƙi. Amma wannan darasin ya ɗaura masa ɗamara. Ana tashi tara zai biyo ni gindin darbejiya da littafinsa: "Malam, a ƙara mini jimla biyar in gwada." Burinsa bai wuce ya amsa tambaya a gaban baƙin ba, ko a daina yi masa dariya.

Ana gobe za su zo, shugaban makaranta ya shigo ajin da kansa. Ya ce, "Gobe kowa zai ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Malam masu dama kawai zai kira." Sai ya nuna ɗalibin nan da baki: "Kai kuwa mutumin Beli, ko a mafarki aka gaya maka amsar, hagu za ka ɗaga. Kada ka kunyata mu."

Ajin ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci sosai, na bi shi ofis na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi yaron nan ya iya."

Ya ce, "Malam, kai yaushe ka zo? Haka muke yi tun kana firamare. In kuma canjin wurin aiki kake sha'awa, akwai ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina."

Ni da na shiga ina huci, sai ga ni na fito ina cewa a huta lafiya.

Ranar Laraba baƙi suka zauna a baya, shugaba yana tsaye bakin ƙofa. Na rubuta jimla mafi wuya a allo. Hannuwa suka tashi kamar an shuka gero, kusan duk hagu. Can gefen taga ɗalibina ya miƙa hannun dama har yana tashi daga benci. Na kalle shi, na kalli shugaba, sai na kira monita. Monita ma bai faɗa daidai ba, ni na lallaɓa na gyara masa. Baƙi suka yaba da yadda kowa ke ɗaga hannu, aka ci shinkafa da kaji, aka watse.

Da aka tashi ɗalibin nan ya same ni, ya buɗe littafinsa. Ga amsar nan daidai. Ya ce, "Malam, dama fa na ɗaga. Ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Ban lura ba."

Ya ce, "To, ba komai, Malam." Daga ranar ya koma bencin ƙarshe, har ya gama makarantar ban sake jin muryarsa a aji ba.

Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wace irin makaranta ce za ta koya wa yara ha'inci da rana tsaka, sannan ta hana mai gaskiya buɗe baki? Na daɗe ina ɗora wa shugaban nan laifin duka, kuma ya cancanta. Amma alli a hannuna yake, ni ne mai kiran suna.

Yanzu ɗalibin nan nawa yana da rumfar hatsi a kasuwar Karaye. Duk sanda na wuce sai ya taso ya durƙusa, ya ce wa maƙwabtansa, "Malamina ne, shi kaɗai ya taɓa yarda na iya." Ni kuwa har yau na kasa gaya masa cewa na ga hannun.